Tukunyar Goggo Barira

Ranar da aka kawo takardar tambayoyi Unguwar Shago ba wanda ya yi aikin kirki, dariya aka wuni ana yi. Malama Zakiyya ce ta kawo ta, ma'aikaciyar shirin rage talauci da aka turo daga Tsanyawa. Ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa tana karantawa, da ta zo tambaya ta huɗu sai aka ji wai ko gidanku yana da kwalekwale. Mutanen da rijiyarsu ma sai an ɗaura igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Ita kanta sai da ta rufe fuska da takardar. Ta ce a yi haƙuri, takardar ba 'yar nan ba ce. Daga wata ƙasa ta taso can gaba da Indiya, inda ruwa ya fi tudu yawa, masana suka bi da ita ƙasashe har takwas kafin ta iso nan, kuma sun hana a taɓa ko layi ɗaya, don a riƙa gwada na nan da na can.

Goggo Barira ta fi kowa shan dariya. Tana shiga gida ta kife turmi ta hau, ta ɗauki muciya tana tuƙi a tsakar gida, wai a kauce mata za ta Bici kafin ruwa ya janye. Aina'u, matar gidan, har da riƙe ciki. Ita Goggo yayar mahaifin Abdulmumini ce, mai gidan. Allah bai ba ta haihuwa ba, tun da mijinta ya rasu ta dawo gida aka ba ta ɗakin kwano da ke kusa da madafa. Ita ke ɗanɗana miya, ita ke kwasar tuwo, in ba ta zauna ba ba a fara ci.

Abdulmumini shi bai yi dariya ba. Da aka watse ya tsaya ya tambayi Malama Zakiyya wa za a ba tallafin. Ta ce macen da ke riƙe da gidanta ita kaɗai, rufin ɗakinta ciyawa, ba ta da ko akuya. Ya ce to su me suke kira gida. Ta buɗe takarda ta nuna masa, gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. Wadda aka zaɓa za a ba ta awaki biyu, a koya mata kiwo, a riƙa zuwa duba ta.

Bayan la'asar ya zo ya tsuguna a gaban Goggo, ya cire hula yana murzawa.

"Goggo, wasa za mu yi musu. Sati biyu ne kawai, su rubuta sunanki su tafi."

Ya yi mata bayani. Za a share tsohuwar bukkar bayan gida inda ake tara harawa, a ja dangar kara a raba ta da sauran gidan, a fasa mata ƙofa ta lungu, a ba ta tukunya tata. Goggo ba ta taɓa ƙin wasa ba a rayuwarta. Ita da kanta ta riƙa ba da umarni, a ɓoye wannan zanen ya yi kyau da yawa, a aro mata kwanon da ya lotse. Ta zauna a ƙofar bukkar tana gwada fuskar talauci, ta langwaɓe kai ta zuba tagumi, Aina'u na leƙowa sai fuskar ta wargaje su kwashe da dariya. Sau biyar ana gwadawa, sau biyar tana lalacewa.

Aka zaɓe ta. Ranar da awakin suka iso a bayan mota, kowace da ɗan kunne ruwan ɗorawa mai lamba, mata suka yi ta guɗa kamar an kawo amarya. Goggo ta ce tunda sun yi doguwar tafiya, ɗaya sunanta Indiya, ɗaya Abuja. Har yamma ana shigowa gaishe da Indiya da Abuja.

Sati biyu suka cika, ta naɗe tabarmarta za ta koma ɗakinta. Abdulmumini ya tare ta a bakin danga. Ya ce ta ɗan ƙara haƙuri, ashe Malama Zakiyya ba ta faɗin ranar zuwanta, kuma in ta zo sai ta sa hannu a tokar murhu ta ji ko da ɗumi. Haka masanan suka tsara tun daga can. In aka sami toka da sanyi, ba Goggo kaɗai za a cire ba, garin gaba ɗaya za a soke.

"Kina so a ce ke kika hana garin nan arziki?"

Ba ta so. Ta warware tabarma, ta hura wuta ta yi girkin mutum ɗaya, abin da rabonta da shi har ta manta. Tuwon ya yi mata yawa, ta ba Indiya saura. Aina'u ta riƙa miƙo mata miya ta saman danga a rufe, kusan wata biyu, har ranar da mijin ya gani. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce maƙwabta suna da ido, kuma ya ji an soke wani ƙauye ta wajen Bici a kan ƙasa da wannan. Daga ranar miya ta daina tsallakowa.

Sai ga babban baƙo. Motoci uku farare suka shigo garin, kaji suka watse, mai unguwa ya fito da rawani a karkace. Dokta ake ce masa, shi ne wai ya ɗauko shirin daga ƙasarsa yana bi da shi ƙasa ƙasa, yana zama da ministoci har su yarda. Ɗan siriri ne mai furfura, mai ladabi ƙwarai. Ya cire takalmi a ƙofar bukka, ya zauna a tabarmarta, ya ce "Sannu, Mama" da wani irin harshe da ya sa ta tuntsire. Malama Zakiyya na tsakani tana juya magana. Ya ciro waya yana nuna mata hotuna. Wata baƙar mace doguwa a ƙofar bukka da awaki biyu. Wata ja mai jan ɗigo a goshi, a ƙofar bukka da awaki biyu. Wata a kan dutse, ita ma haka.

"Ashe muna da yawa," in ji Goggo. "Ka gaishe su in ka koma. Ka ce waccan ta kan dutse ta rage wa tata akuyar igiya, za ta faɗo."

Da aka fassara masa ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce a duk ƙasashen da ya je kallon ƙasa matan suke yi in za a ɗauke su hoto, wannan ce kaɗai ke dariya. Ya ce daga yau duk baƙon da ya zo ganin shirin, nan za a kawo shi.

Gidan ya rikice da murna. Aka naɗa Abdulmumini shugaban kwamitin gari, aka ba shi riga mai rubutu, yana sa ta a kan jallabiya har masallaci. Aka ɗauke shi a farar mota zuwa taro Kano, ya dawo yana ba da labarin wani wurin da ake zuba wa mutum kaza ya ci ya ƙara ba mai kallonsa. A bakin ɗakin taron, in ji shi, ga hoton Goggo ya fi ƙofar zaure tsawo, tana dariya, Abuja na cin gefen zanenta. Goggo ta sa ya maimaita mata sau uku. Ta ce to ita da ba ta taɓa wuce Tsanyawa ba, ga shi hotonta ya riga ta ganin birni. Ranar kasuwa ta je wurin ƙawarta Leah, wadda suka yi shekaru suna sayar da daddawa gefe da gefe, tana tafiya tana yanga, wai yanzu sai an nemi izini kafin a gaishe ta. Leah ta durƙusa har ƙasa ta ce ranki ya daɗe, sarauniyar awaki.

Damina ta faɗo. Jinkar bukkar ta tsufa, ruwan farko ya shigo ta wuri uku. Ta aika a kira Abdulmumini ta ce a sa mata ko falle biyu na kwano. Ya ce wallahi ya yi niyya, amma rufin nan yana cikin hoto, in baƙi suka zo suka ga kwano za su ce ba nan ba ne. A bari sai an yaye ta daga shirin. Dokar shirin kuma ta ce kada ruwa ya taɓa awaki, sai ya zama in hadari ya taso su uku suke raba bukkar, awakin a busasshen gefe. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, sai ta durƙusa ta yi ta hurawa har idonta ya yi ja. Tari ya kama ta. Gwiwar hagu ta kumbura saboda zuwa yankan ciyawa safe da yamma, don dokar ta ce mai awaki ita za ta yi da hannunta.

Amma fa in aka ce baƙi na tafe sai ka ga ta miƙe garau. Ta wanke fuska, ta tsaya a ƙofa, ta yi musu tuƙin kwalekwale da muciya, su yi ta tafi. Baƙi daga ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba, wasu da manyan riguna, wasu da wando iya gwiwa, kowa da littafi yana rubutu. Tana jin daɗin ranakun nan da gaske, don su ne ranakun da ake cika mata ƙofa. In motoci suka tashi, sai ita da ƙura da kashin awaki.

Indiya ta haifi biyu, Abuja ma biyu. Abdulmumini ya kwashe 'ya'yan ya shigar cikin gida, ya ce kada su yi mata yawa ga ciwon ƙafa. Ranar baƙi a dawo da su a ɗaure a ƙofarta, da yamma a mayar.

Ɗakinta na kwano da farko buhunan taki aka zuba, wai na ɗan lokaci. Bayan girbi sai ta jiyo ana goge bango. Ta tambayi Aina'u ta cikin danga, Aina'u ta ce Basiru ne, ƙanin mai gida, za a kawo masa amarya kuma babu wani ɗaki. Ta ce ita ba ta da ta cewa, Goggo ta san halin maza in sun yanke magana. Goggo ta ce ba komai, ai Basiru ɗanta ne, a bayanta ya yi wayo. Ta fara shirin biki, ta wanke zanenta mai kyau da aka ɓoye.

Ranar kai amarya ta zo daidai da ranar wasu baƙi, kuma ba a iya ɗaga ko ɗaya. Da hantsi Abdulmumini ya zagayo ta lungu ya tsuguna. Ya ce ta yi wa Allah ta zauna a ƙofarta yau, in baƙi suka gan ta a kan tukunyar biki za su gane gida ɗaya ne. Za a aiko mata da nata. Haka uwar ango ta tsaya da awaki shida, ana kiɗa a bayan danga, ƙamshin miyar taushe na tsallakowa. Wata baƙuwa ta tambaya me ake yi a can, aka ce mata bikin maƙwabta ne. Ta ce to Mama ba za ta ɗan taka ba? Goggo ta taka. Ta yi rawa sosai da kiɗan bikin ɗanta, tana ɗingishi tana juyi, baƙi na ɗauka a waya suna ihu. Abincin da aka ce za a aiko, a cikin hidima aka manta. Washegari Aina'u ta miƙo ƙanzo da ban haƙuri.

Shekara ɗaya da rabi ta cika, aka yi bikin yaye. Aka kafa rumfa, aka ba ta takarda mai zanen zinariya a gefe, an rubuta cewa ta fita daga talauci, ta iya riƙe kanta. Ta ɗaga takardar sama tana guɗa da kanta, tari na katse ta. A ranar ta ƙulle kayanta. Ta ce ko ɗaki babu, a ba ta gefen madafa, ita tukunya take so ta koma wa. Abdulmumini ya ce ai yaye ba shi ne ƙarshe ba, za a ƙara shekara biyu ana zuwa a ga ko ta koma baya. Kuma ga takarda da hatimi ta ce tana iya ciyar da kanta, in ya mayar da ita ya ƙaryata gwamnati ke nan, shi da yake shugaba.

Da Malama Zakiyya ta zo taɓa toka, Goggo ta kama hannunta ta ce tana da magana. Malamar ta dubi dangar, ta dubi ƙofar lungu. Ba yau ta fara gani ba.

"Goggo, kada ki gaya mini abin da zai zama dole in rubuta. Ni ma da aikin nan nake riƙe da mutane."

Ta ajiye mata maganin tari a kan tabarma ta fita.

Ana gab da wata daminar Dokta ya dawo, da baƙi daga Nijar da za su kai shirin ƙasarsu. Goggo ta fito ta tsaya inda ta saba. Malama Zakiyya ta gyara murya za ta fara fassara, sai wata dattijuwa a cikinsu, Hajiya Asiya, ta ɗaga hannu ta ce a bari, ita 'yar Maraɗi ce, Hausa ba sai an juya mata ba. Ba ta dubi awaki ba. Ta sunkuya ta shiga bukkar, ta buɗe tukunya, ta ga ɗan dumamen da bai cika tafin hannu ba. Ta fito ta tsaya tana sauraron dakan da ake yi a bayan danga, turmi biyu.

"Inna, da wa kike cin tuwo?"

Duk baƙin da suka zo ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Goggo ta dubi Abdulmumini yana tsaye da rigarsa mai rubutu, yana mata alama da ido. Dariya ce ta fara zo mata, sai ta bar ta ta fito. Sannan ta faɗa, a hankali, ba kuka ba zagi. Ta ce wancan ɗanta ne, wancan gidansu ne, ɗakinta na can da kwano a kai. Ta ce wasan sati biyu aka ce mata, yau shekara biyu ba kaɗan. Ta ce awakin kirki ne, ba ta da ƙorafi a kansu, amma ba a hira da su a kan akushi.

Dokta ya tambaya me ake cewa, Hajiya Asiya ta gaya masa da Turanci. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce a ƙasa tara bai taɓa jin irin wannan ba, Hajiya ta juya wa Goggo maganar.

"Su ma matan can ta bakin wata suke yi maka magana?" in ji Goggo.

Hajiya ta fassara masa wannan ma. Ya ciro ƙaramin littafi ya rubuta wani abu, ya ce lallai za a duba a zagaye na gaba. Direba ya leƙo ya ce ana jiransu Kano. Goggo ta riƙe mayafin Hajiya Asiya ta ce in ta koma ta gaya wa tsofaffin garinsu kada su yarda a raba musu tukunya. Hajiyar ta riƙe hannunta da hannu biyu. Ta ce za ta faɗa a inda aka ba ta dama, amma manya sun riga sun sa hannu, bayan girbi za a fara, da wannan takardar yadda take. Aka jeru aka ɗauki hoto, motoci suka tashi.

Ba a soke garin ba, ba a kuma cire danga ba. Abdulmumini ya yi kwana huɗu bai gaishe ta ba. A na biyar ya zagayo ya tsuguna, ya ce ya yafe mata, tsufa ne. Ya ce 'yan Chadi na tafe bayan sallah, ta kula da bakinta, su ma wasunsu suna jin Hausa.

A watan nan aka buɗe rubuta sunayen zagaye na biyu. Kowa ya ga abin da gidan Abdulmumini ya samu, riga da farar mota da garken awaki. Kara ya yi tsada a Unguwar Shago. Ko'ina ka bi sai ka ji ana sara ana ɗauri, ana fasa ƙofa ta lungu, ana dariya ana cewa sati biyu ne. Mazan da ba su da tsohuwa a gida har suna aikawa ƙauye a ɗauko musu.

Wata safiya Goggo na zaune a gaban murhu, ta jera itace amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa ta hura, sai ta ji sallama. Leah ce daga unguwarsu ta wajen coci, da sabuwar ƙaramar tukunya a ka da ƙullin gari a hannu, tana ta washe baki. Ɗanta Obed ya ja mata danga jiya. Ta ce ta zo sarauniya ta koya mata yadda ake yi, yadda ake tsayuwa da abin da ake faɗa wa baƙi, kada ta je ta ba da kunya.

Goggo ta daɗe tana kallon tukunyar.

"Ba abin koyo, Leah. Ki yi dariya su ɗauka. Abin da ba su gaya miki ba, babu ranar komawa."

Dariyar Leah ta ragu. Ta dubi jinkar, ta dubi ƙafar ƙawarta, ta dubi murhun da ba wuta.

"Rabonki da abinci mai zafi fa?"

"Shekaranjiya. Ajiye wannan tukunyar, kawo garinki a haɗa da nawa."

Leah ta ce in ta yi girki a nan, tokarta za ta kwana da sanyi, in Malama ta je ta taɓa shi ke nan Obed ya rasa awaki, kuma ba zai yafe mata ba. Goggo ta ce haka ne, ba ƙarya, ta yi yadda ta ga ya fi mata.

Leah ta tsaya riƙe da ƙullin garin, tana juya shi a hannu. Can ta ajiye tukunyarta a gefe, ta ɗaure zane, ta ce wa Goggo ta matsa da wannan ƙafar tata. Ta durƙusa ta fara hura wutar.